Tarihin Awon Jarrabawa: Yadda Aka Nemi Raba Ƙwazon Ɗalibi da Nauyin Tambaya

Idan aka ce yaro ya ci maki 60 bisa 100 a jarrabawar lissafi, galibin mutane sai su ga kamar an gama faɗa musu kome game da shi. Alhali kuwa ko rabi ba a faɗa musu ba. Gama makin nan abu biyu ne suka haɗu suka haife shi, watau sanin da yaron ya ke da shi, da kuma nauyin tambayoyin da aka aza masa. Da malamin da ya tsara takardar ya sassauta hannu, da yaron ya tashi da 80. Da ya tsananta, da ya tashi da 40, ba tare da an ƙara masa ko an rage masa harafi ɗaya na ilmi ba. Wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san wannan sarai, don in an ce masa gero mudu goma ne, sai ya tambaya da mudun wa aka auna. To, a cikin jarrabawa tambayoyi su ne mudu, kuma kowace shekara sabon mudu a ke kawowa.

Wannan takarda za ta bi tarihin ƙoƙarin da masana lissafi suka yi, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa zamaninmu, don su raba abubuwan nan biyu, su faɗi ƙwazon ɗalibi dabam, nauyin tambaya dabam. Aikin a ƙasashen Turai da Amurka aka yi shi, can kuwa za mu bi shi.

Jarrabawa kanta tsohuwar aba ce. Sarakunan Sin sun yi shekara fiye da 1,000 suna zaɓen ma'aikata da ita, sai a 1905 aka soke ta. Ingila ta fara ɗaukar ma'aikatan mulkin Indiya ta hanyar gasar jarrabawa a 1855, sa'an nan ta shigo da tsarin cikin aikin gwamnatin gida a 1870. Amma duk tsawon wannan zamani ba wanda ya zauna ya auna ma'aunin kansa. Mutum na farko da ya yi wannan da lissafi sosai shi ne Francis Edgeworth, wanda ya karanta wa taron masana ƙididdiga na Ingila takarda a kan makin jarrabawa a 1888. Masu duban taurari sun daɗe da sanin cewa in mutum goma suka auna abu ɗaya, awonsu ba zai zo daidai ba, sai dai ya taru kusa da gaskiya, waɗansu sama kaɗan, waɗansu ƙasa kaɗan. Edgeworth ya ce hannun masu duba takarda ma haka ya ke. Ya nuna cewa daga cikin waɗanda suka faɗo kusa da iyakar ci da faɗuwa, da an canja mai dubawa, da waɗansu sun canja wuri da juna.

A Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott na Jami'ar Wisconsin suka gwada maganar a aikace. A 1912 suka aika wa malamai fiye da 100 kofen takardar Turanci iri ɗaya, kowa ya ba ta maki, makin ya sha bamban ƙwarai. Mutane suka ce ai rubutun insha'i ne, kowa da ra'ayinsa. Sai a 1913 suka maimaita da takardar lissafi, inda a ke zaton ba gardama. Abin ya fi na farko muni: takarda guda, wani ya ba ta ƙasa da 30, wani sama da 90.

Maganin da aka samo wa wannan shi ne tambaya mai zaɓi, wadda a ke jera wa ɗalibi amsoshi huɗu ko biyar ya ɗauki ɗaya. Frederick Kelly ya yi amfani da ita a jarrabawar karatu a jihar Kansas wajen 1915, sojan Amurka kuma suka gwada mutum fiye da miliyan 1.7 da jarrabawar basira lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da wannan aka huta da saɓanin masu dubawa, amma matsalar mudu tana nan inda ta ke. Sai dai sabuwar hanyar ta zo da wani amfani da ba shi aka nufa ba: kowace tambaya ta zama abar ƙirge ita kaɗai, ko an ci ko an faɗi, 1 ko 0. Ba don haka ba, da lissafin da za mu ambata nan gaba bai sami abin kamawa ba.

Ƙa'idar farko da ta kafu ita ce ta Charles Spearman, tsohon hafsan sojan Ingila wanda ya bar soja ya tafi Jamus karatun ilmin halin ɗan Adam. A 1904 ya shimfiɗa tushen abin da yanzu a ke kira tsohuwar ƙa'idar jarrabawa. Taƙaitacciya ce: makin da aka gani, makin haƙiƙa ne haɗe da kuskuren awo. Kuskuren nan ya ƙunshi kome da kome, ciwon kai, zafin ɗaki, sa'ar da ta sa abin da yaro ya karanta jiya ya fito yau. Jarrabawa amintacciya ita ce wadda in an sake ta za ta jera ɗalibai kusan yadda ta jera su da farko, kuma a kan faɗi amincin nan da adadi tsakanin 0 da 1. A 1910 Spearman da William Brown, kowa a gefensa, suka fitar da hanyar sanin yadda aminci ya ke ƙaruwa in an tsawaita jarrabawa: wadda amincinta 0.60 ne, in aka ninka tambayoyinta biyu da irinsu, sai ya hau zuwa 0.75. Kuder da Richardson a 1937, da Lee Cronbach a 1951, suka sauƙaƙa lissafin har ya zama ana iya fitar da shi daga zama ɗaya.

Kada mai karatu ya raina wannan ƙa'ida, gama har yau da ita a ke yin yawancin aikin makarantu, kuma ta koyar da darasi mai nauyi. Ɗauki jarrabawar da amincinta ya kai 0.91, wadda warwatsuwar makinta 10 ce. Lissafi zai ba da kuskuren awo na kimanin maki 3. Ke nan yaron da ya sami 48 da wanda ya sami 51 ba wanda zai iya rantsuwa cewa ɗayan ya fi ɗayan, amma in iyakar ci 50 ce, ɗaya ya wuce gaba, ɗaya ya koma gida.

Wajen auna tambaya kuwa, abu biyu a ke dubawa. Na ɗaya, kashi nawa na ɗalibai suka ci ta. Na biyu, ko tana rarrabe mai sani da marar sani, kamar yadda rariya ta ke raba gari da tsaki. Truman Kelley ya nuna a 1939 cewa ya fi kyau a ɗebi kashi 27 bisa 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, a gwama yadda kowane rukuni ya yi da tambayar. In na ƙasa sun ci ta kamar na sama, rariyar ta huje. In ma sun fi na sama ci, to, a duba, watakila amsar da aka rubuta ce ba daidai ba.

Amma akwai rauni a gindin ginin. Ana faɗar ƙwazon yaro da yawan tambayoyin da ya ci, ana kuma faɗar nauyin tambaya da yawan yaran da suka faɗi. Kowane ya jingina da ɗan'uwansa, kamar mutum biyu a gaban alƙali, wannan yana ba wancan shaida, wancan yana ba wannan, ba na uku. Tambayar da kashi 90 suka ci a makarantar haziƙai, kashi 30 ne za su ci ta a wata makarantar. Wanne ne nauyinta?

Hanyar fita ta ɓullo ne daga wani wuri dabam. A 1904 ma'aikatar ilmi ta Faransa ta kafa kwamiti a kan yaran da ba su iya bin karatun aji, Alfred Binet yana cikinsa. Shi da Théodore Simon suka fitar da ma'auninsu a 1905, suka gyara shi a 1908 ta hanyar jera ayyukan bisa shekaru: aikin da galibin 'yan shekara 7 ke iyawa, galibin 'yan shekara 6 kuwa ba su iyawa, sai a sa shi a matakin shekara 7. Yaro kuma a faɗi matsayinsa da matakin da ya kai. Binet ba masanin lissafi ba ne, amma ka ga abin da ya yi: ya sa tambaya da yaro bisa igiya ɗaya, ana faɗar matsayin kowannensu da awo guda, watau shekara.

L. L. Thurstone na Jami'ar Shikago, wanda injiniya ne tun asali, har ya taɓa yi wa Thomas Edison aiki, shi ya ga abin da ke cikin wannan. A 1925 ya ɗauki sakamakon tambayoyin Binet da Cyril Burt ya tara daga yaran Landan, ya jera tambayoyin bisa sikeli ɗaya, ya nuna inda suka cunkushe da inda suka bar giɓi. A 1928 kuma ya kafa sharaɗin da duk wanda ya biyo baya ya yi ta fama da shi, cewa ma'aunin da halinsa ke canjawa bisa ga abin da a ke aunawa bai cancanci sunan ma'auni ba. Faɗar sharaɗin ta yi sauƙi, cika shi kuwa sai da aka shekara 30.

D. N. Lawley a Edinbara a 1943, Ledyard Tucker a 1946, da Frederic Lord a 1952, su suka gina siffar da a ke aiki da ita yanzu. Lord yana aiki ne a hukumar jarrabawa ta ETS, wadda aka kafa a Princeton a 1947. Ga yadda siffar ta ke. A zana layi a kwance, a jera ɗalibai bisa shi daga mafi rauni zuwa mafi ƙwazo. A kan kowane matsayi a nuna yiwuwar cin wata tambaya guda. Abin da zai fito kamar tudu ne: shimfiɗe a gindi inda kusan kowa ke faɗuwa, miƙe a tsakiya, sa'an nan shimfiɗe a ƙoli inda kusan kowa ke ci. Inda tsakiyar tudun ta faɗo bisa layin, nan ne nauyin tambayar. Tsayuwar hawan kuwa ita ce kaifinta, watau ƙarfinta na rarrabewa. Muhimmin abu shi ne an daina cewa yaro ya sani ko bai sani ba. An koma cewa yana da yiwuwar kaza ta ci. Haziƙi ya kan yi tuntuɓe a kan tambaya mai sauƙi, rarrauna kuma ya kan dace, ƙa'idar ta bar wa duka biyun wuri.

Allan Birnbaum, cikin rahotannin da ya rubuta wa sojan saman Amurka a 1957 da 1958, ya sauya lissafin tudun da wani mai sauƙin sarrafawa, ya kuma ƙara adadi na uku saboda cinta. Gama in amsoshi huɗu ne, wanda bai san kome ba ma zai dace sau ɗaya cikin huɗu, don haka gindin tudun ba zai taɓa ƙasa ba. Aikin Birnbaum bai bazu ba sai da ya fito cikin babban littafin Lord da Melvin Novick a 1968. Kafin nan kuwa ƙa'idar a takarda kawai ta ke, don fitar da adadi uku ga kowace tambaya, da adadi ɗaya ga kowane ɗalibi cikin dubbai, ya fi ƙarfin alƙalami.

A nan ne ya kamata mu dakata a kan Georg Rasch, mutumin Danmak, wanda aka haifa a 1901, ya rasu a 1980. Masanin lissafi ne zalla, rashin gurbi a jami'a ya sa ya koma yi wa likitoci ƙididdiga, ya kuma je Landan a tsakiyar shekarun 1930 ya yi karatu wajen R. A. Fisher. A farkon shekarun 1950 aka kawo masa wata matsala. Akwai yara masu nauyin karatu da aka ba su darasi na musamman, ana so a san ko darasin ya yi amfani. An gwada su shekara bayan shekara, amma da ya ke suna girma, kowane lokaci nassi dabam aka ba su, na baya ya fi na farko wuya. Yaron da ya yi kure 10 bara, ya yi 10 bana a nassi mafi wuya, ya ci gaba, amma da nawa? Rasch ya sa aka ba waɗansu yara nassi biyu-biyu su karanta, ya ƙirga kurakuran. Sai ya ga cewa in nassi na biyu ya ninka na farko wajen jawo kure, to, haka ya ke ninka shi ga mai ƙwazo da ga marar ƙwazo duka. Ashe nauyin nassi abu ne da za a iya faɗa ba tare da an ambaci wane ne ya karanta ba.

Daga nan ya kai ga siffar da ta ɗauki sunansa, wadda ya bayyana cikin littafinsa na 1960. Mu kwatanta ta da kokawa. Ba a sanin ƙarfin ɗan kokawa da yawan kayen da ya yi kawai, sai an san su wa ya kayar. A ɗauka ɗalibi da tambaya 'yan kokawa ne biyu, kowane da adadin ƙarfinsa, rinjayen ɗalibi kuwa shi ne ƙarfinsa a raba da ƙarfin tambaya. Ɗalibi mai ƙarfi 6 ya gamu da tambaya mai nauyi 2: rinjayensa 3 ga 1 ne, watau zai ci sau 75 cikin 100. Ɗalibi mai ƙarfi 2 ya gamu da ita: kunnen doki, 50 cikin 100. Yanzu a kawo tambaya mai nauyi 6. Na farko ya koma kunnen doki, na biyu ya koma 1 ga 3. Duba da kyau, a tambaya ta farko rinjayen na farko ya ninka na abokinsa sau uku, a ta biyu ma sau uku. Ko wace tambaya aka kawo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta motsawa.

Haka kuma ta ɗaya fuskar, kuma a nan ne gwanintar ta ke. A tara duk ɗaliban da suka ci ɗaya kaɗai daga cikin tambayoyin nan biyu, a bar waɗanda suka ci duka da waɗanda suka faɗi duka. Cikin kowane mutum huɗu, uku mai sauƙin suka ci, ɗaya mai nauyin. Wannan rabo na 3 ga 1 zai fito ko a makarantar haziƙai aka yi ƙirgen, ko a ta raunana, gama ƙarfin ɗalibi ya soke kansa cikin lissafin ya fita. Shaidu biyun nan da ke jingine da juna, an raba su ke nan. Sharaɗin Thurstone ya cika, in dai amsoshin ɗalibai sun bi siffar. (Abin sha'awa, Ernst Zermelo ya riga ya yi amfani da irin wannan lissafi a 1929 don jera gwanayen darar Turawa ta ces, kuma tsarin Arpad Elo, wanda ƙungiyar wasan ta duniya ta karɓa a 1970, ɗan ɗakinsa ne.)

Rasch ya je Shikago a 1960 ya ba da laccoci. Yadda Benjamin Wright ya ba da labari, masu sauraro suka yi ta raguwa har ya rage saura shi kaɗai. Wright, wanda ilmin kimiyyar fiziya ya fara karantawa, shi ya zama mai yaɗa koyarwar a Amurka. A taron ETS na 1967 ya ɗauki amsoshin ɗaliban shari'a kusan 1,000, ya ware mafiya ƙwazo da mafiya rauni, ya auna jarrabawar da kowane rukuni dabam, ya nuna awon ya zo kusan ɗaya. Daga nan gardama ta tashi wadda har yau ba ta kwanta ba.

A bisa fuska bambancin ƙarami ne, don siffar Rasch ita ce ta Birnbaum in an ɗauka duk tambayoyi kaifinsu ɗaya kuma ba cinta. Mutanen Lord suka ce wannan ɗauka ba ta yi daidai da abin da ido ke gani ba: tambayoyi sun bambanta a kaifi, yara kuma suna cinta, aikin masani shi ne ya gyara siffa ta dace da amsoshi. Mutanen Rasch suka ce an juya maganar. Siffar ita ce sharaɗin awo, tambayar da ta ƙi binta ita za a gyara ko a fitar, kamar yadda ba a lanƙwasa sikeli don ya dace da kaya. Suka kuma nuna abin da ke faruwa in an bar kaifi ya bambanta: tudun tambayoyi biyu sai su giciye juna, ta farko ta fi ta biyu wuya ga raunana, ta biyu ta fi ta farko wuya ga haziƙai, har a rasa amsar wacce ta fi wuya. Bayan haka, a siffar Birnbaum yara biyu da suka ci tambaya 30 kowanne suna iya samun matsayi dabam, bisa ga waɗanne 30 suka ci. A ta Rasch kuwa, in takarda ɗaya suka rubuta, jimla ɗaya matsayi ɗaya.

A ganina, inda a ke yanke wa mutum hukuncin ci ko faɗuwa, wannan hali na siffar Rasch ya fi kome nauyi, domin hukuma tana iya duban uban yaro ta gaya masa dalilin da ya sa ɗan maƙwabcinsa ya wuce nasa bai wuce ba. Lissafin da ba ya bayyanuwa ga wanda aka yanke wa hukunci da shi, ko da ya fi dacewa da amsoshi, yana cin amanar da jarrabawa ta dogara a kai. Sai dai akwai farashi, kuma Ingila ce ta fito da shi fili.

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin Ingila ta kafa wani sashe don bin diddigin ko matsayin ilmi yana hawa ko sauka. Bruce Choppin da abokan aikinsa suka kawo shawarar a yi rumbun tambayoyi, kowace an auna nauyinta da siffar Rasch, a riƙa ɗiba daga ciki shekara-shekara. Harvey Goldstein ya tashi da suka mai zafi a ƙarshen shekarun 1970. Ya ce siffar ta ɗauka abu guda ɗaya tak a ke aunawa, kuma nauyin tambaya halinta ne na dindindin, alhali nauyin ya danganta da abin da aka koyar da lokacin da aka koyar da shi. Mu da ke wannan ƙasa muna da misali a hannu. Tambayar da ta ce a tara fam da sule da kwabo, kwabo 12 a sule, sule 20 a fam, abin wasa ce ga ɗan firamare na 1965, gama kullum da su a ke aikensa kasuwa. Bayan Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973, tambayar nan ta zama dutse, ba don yara sun rage basira ba. Goldstein ya ƙara da cewa in ana zubar da duk tambayar da ta ƙi bin siffa, lissafi ne zai riƙa zaɓa wa malamai abin da ya cancanci a tambaya. Sukar ta yi tasiri, aka janye daga wannan hanya a farkon shekarun 1980, siffar kuma ta daɗe ba ta farfaɗo a Ingila ba.

Gardamar ta sake ɓullowa a jarrabawar PISA, wadda ƙungiyar OECD ta fara a 2000 don gwada 'yan shekara 15 na ƙasashe da yawa. A can ba yaron da ke amsa dukkan tambayoyi, kowa da ɗan littafinsa, lissafi ne ke haɗa su bisa sikeli ɗaya, kuma da siffar Rasch aka fara. Svend Kreiner, wanda shi kansa ɗalibin Rasch ne, tare da Karl Christensen, suka nuna a 2014 cewa tambayoyin karatu ba su da nauyi ɗaya a dukkan ƙasashe, har matsayin ƙasa a jeri ya kan motsa ƙwarai bisa ga tambayoyin da aka zaɓa. Daga zagayen 2015 masu PISA suka koma siffar da ke barin kaifi ya bambanta, suka kuma yarda waɗansu tambayoyi su ɗauki nauyi na dabam a waɗansu ƙasashe.

Zuwan kwamfuta ne ya fitar da ƙa'idodin nan duka daga takarda. Da an san nauyin kowace tambaya a rumbu, ba lalle ne kowa ya amsa takarda ɗaya ba. Tambayar da ta fi ba da labarin ɗalibi ita ce wadda ta yi kusa da ƙarfinsa, don wadda ta fi shi nesa ko ya fi ta nesa an riga an san yadda za ta ƙare. Saboda haka na'ura sai ta ba shi matsakaiciya, in ya ci ta ƙara nauyi, in ya faɗi ta rage, har ta gano inda ya tsaya da tambayoyi kaɗan. Lord ya yi nazarin wannan wajen 1970, ETS kuma ta fitar da jarrabawar GRE ta wannan tsari a 1993. Nan da nan wani rauni ya bayyana. A 1994 kamfanin koyarwa na Kaplan ya tura ma'aikatansa su zauna jarrabawar su haddace tambayoyi, suka ga ana maimaita su da yawa, suka kai wa ETS abin da suka tara. ETS ta dakatar da jarrabawar na ɗan lokaci, ta kuma kai su ƙara. A 2002 ta sake dakatar da ita a Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong, bayan an ga ɗalibai suna musayar tambayoyi ta intanet. Tambayar da ta fita waje nauyinta ya zube, amma na'ura tana nan tana lissafi da tsohon nauyin, tana ba wanda ya haddace amsa matsayin gwani. A 2011 aka sake fasalin GRE, ta koma daidaitawa sashe-sashe maimakon tambaya-tambaya.

Saura reshe ɗaya, shi ne kuwa ya fi kusa da mu. In siffar gaskiya ce, ɗalibai biyu masu ƙarfi ɗaya ya kamata yiwuwarsu ta cin kowace tambaya ta zama ɗaya, ko daga wane gida suka fito. Inda aka ga ba haka ba, tambayar tana auna wani abu ban da wanda aka nufa. Sanannen misali a Amurka shi ne wata tambayar jarrabawar shiga jami'a da amsarta ta rataya a kan sanin sunan bikin tseren kwale-kwale, wasan da 'ya'yan masu hali suka fi sani. A ƙarshen shekarun 1980 Paul Holland da Dorothy Thayer na ETS suka ɗauko wata hanya da Mantel da Haenszel suka ƙaga a 1959 don binciken cututtuka, suka mai da ita ma'aunin irin wannan karkata. Hanyar ba ta da wuyar fahimta: a kasa ɗalibai bisa jimlar makinsu, a cikin kowane kashi a gwama rukuni biyu a kan tambaya guda.

Hukumar WAEC an kafa ta a 1952, JAMB a 1978, kuma JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mai da ita ta kowa a 2015. Tun da ɗalibai suna zama a ranaku da lokuta dabam-dabam, matsalar da aka kawo wa Rasch game da nassin bara da na bana ita ce dai a gabanmu. Ga kuma yaron da Hausa ce harshen gidansu, wanda a ke tambayarsa lissafi da Turanci a Nijeriya, ko da Faransanci a Nijar. Tambayar da aka rubuta da lambobi zalla da wadda aka naɗe cikin labari mai kalma 40 suna iya zama nauyi ɗaya ga ɗan da ya tashi da harshen jarrabawa, su zama nauyi biyu ga wanda a aji kaɗai ya ke jin sa. Hanyar Holland da Thayer tana iya nuna waɗanne tambayoyi ne ke yin haka, da kuma girman tazarar. Abin da ta ke bukata shi ne a adana amsar kowane ɗalibi ga kowace tambaya, ba jimla kaɗai ba, a kuma rubuta harshen gidansu a gefen lambarsa.